Ranar Da Keziah Ta Juya Teburinta

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Keziah a Zuru, ita ma katangar ba ta kai ƙirjin mutum ba, don haka abin da zan faɗa a kanta ba ji na yi ba, gani na yi. Shekara goma sha tara ban nemi agogo ba. Da na ji ƙarar tafiretarta na san bakwai ta yi, in kuwa ban ɗora koko ba to na makara.

Mutuniyar Manga ce, gajeriya, mai taurin kan da ita kanta ba ta musunsa. Mijinta, Kofur Philemon, ya tafi aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya bai dawo ba. Ya bar mata 'ya ɗaya, Rachel, da tafiretar da ya saya mata tun suna bariki, kuma da ita ta riƙe gida. A garinmu, inda da wuya ka shiga gida ba ka ga tsohon takalmin soja a ƙarƙashin gado ba, mai buga takarda ba ta rasa aiki. Tsofaffin sojoji sukan zo su zauna a benci a baranda, gefen damanta, su yi mata bayani da yarenmu na C'lela gauraye da Hausa da Turancin bariki, ita kuma ta mayar da shi Turancin ofis. Suna magana suna kallon takardar tana fitowa. Yawancinsu ba sa iya karanta abin da ke kai, amma kowa ya san kamannin lambarsa ta soja, kuma ba ya dangwala hannu sai ya gan ta. Alfaharin Keziah ɗaya ne, ta sha faɗa mini har na haddace: ba a taɓa dawo mata da takarda saboda kuskure ba.

A farkon daminar 2006 ne Baba Saje Haggai, shugaban ƙungiyar tsofaffin sojojin unguwarmu, ya zo mata da labari yana sunkuyar da kai. Shi ne ya horar da Philemon sa'ad da ya shiga soja, shi ya sa yake kiranta ɗiyarsa. Ya ce za a yi musu sabon katin shaida, wanda da shi za a riƙa duba su a asibiti, amma ofishin ya ce ba ya karɓar takarda. Sunaye da lambobi a fulofi ake son su, wato ɗan faifan nan na roba da ake zura wa kwamfuta. Ya ce ba don ransa ya so ba, zai kai aikin shagon da aka buɗe a bakin tasha. Keziah ta tambaye shi yaushe ne ranar ƙarshe, ya ce nan da wata biyu. Ta ce ya bar littafin sunayen a hannunta.

Ni Bilki, da bakina ba ya shiru, na leƙo ta katanga na tambaye ta wa ya aike ta, mace mai shekara hamsin da biyu. Ta ce mini kwamfuta ai tafireta ce da aka haɗa da talabijin, kuma ita ba ta taɓa jin tsoron ko ɗaya daga cikinsu ba. Washegari ta sa aka sayar da dawar da ta noma a Manga da awakinta biyu. Mako uku tana zuwa koyo da la'asar a wannan shagon na bakin tasha, tana zaune cikin sa'o'in 'yarta ko a jikinta.

Ban taɓa ganin wanda ya shirya wa abu kamar yadda ta shirya wa injin nan ba, ko kayan ɗakin amarya albarka. Ta ari zaren awo na ɗinkina ta auna falonta taku-taku, ta zana shi a littafin makaranta, ta nuna inda soket yake, da inda taga take, da inda rufi ke yoyo. Sannan ta tafi wurin Sylvester, mai shagon kayan wuta a bakin kasuwa, wanda ke zuwa Onitsha saro kaya duk wata. Ta karanta masa abin da take so: akwatin kwamfutar na hannu amma mai ƙarfi, lallai mai bakin fulofi, da firinta, da sitabilaiza saboda wutarmu mai hawa da sauka, da yufiyes da zai riƙe wuta har ta adana aikinta in an ɗauke. A kan monita, wato talabijin ɗin kwamfutar, suka yi ta ja. Sylvester ya ce mai inci goma sha huɗu ya ishe ta, ai ba gidan kallo za ta buɗe ba. Ta ce idonta ba na jiya ba ne, mai inci goma sha bakwai take so ko a fasa. Kibod kuwa, wato allon maɓallan bugawa, uku ta mayar masa, wai laushinsu ya yi yawa, yatsa ba ya jin ya yi aiki. Sai da ya tono mata wani tsoho mai nauyi da ƙara sannan ta yarda.

Ranar da kayan suka iso a bayan babur biyu, unguwa ta fito kallo. Monitan nan yana da ƙeya kamar tulu, ba teburin da zai ɗauke shi a gidan. Aka kira Dodo kafinta. Shi bai taɓa yin teburin kwamfuta ba, amma akwai kalanda a shagon Sylvester mai hoton wata Baturiya zaune a ofis, teburinta manne da bango, sai suka ce ai ga misali nan. Dodo ya yi aiki tsakani da Allah. Katakon maɗaci ya sa, ya yi faɗin da zai ɗauki ƙeyar monitan, da aljihun da ake jawowa na kibod, da ɗan dandamali a ƙasa don akwatin kada ya taɓa siminti in ruwa ya shigo. Aka tura teburin kusurwa, kusa da soket, nesa da taga. Keziah ta zauna tana fuskantar bango kamar Baturiyar kalanda. Bencin sojoji kuwa bai sami wuri ba sai a bayanta.

Kwana biyu ta yi tana buga sunaye arba'in da bakwai. Gwanar tafireta ba ta kallon yatsunta, ba ta kallon abin da ke fitowa, idonta na kan littafin da take kwafa, haka aka koya mata, haka kuma ta yi. Baba Saje na zaune a baya yana miƙa wuya, ba abin da yake gani sai ɗankwalinta. Da ya fito ya tsaya a katangata ya ce mini tun da ɗiyarsa ta sami talabijin ta juya musu baya. Na yi dariya, don a lokacin wasa na ɗauka.

Ya kai fulofin Birnin Kebbi da kansa. Bayan mako uku ya dawo da kati ashirin da tara. Mutum goma sha takwas an ce kwamfutar ofis ba ta san lambobinsu ba, har da shi kansa, kuma an ba su mako ɗaya su gyara ko a rufe. Ban taɓa ganin dattijon nan haka ba. Lambar da ya ɗauka tun yaƙin basasa, wadda ke rubuce da farin fenti a jikin akwatinsa na ƙarfe, yau wani yaro mai taye ya dube shi ya ce babu ita. Ya ba ni tausayi ƙwarai, amma tausayin Keziah ya fi kama ni. Ta daina leƙo katanga.

Ba ta zauna ba kuwa. Ta kira Sylvester ya kwance akwatin ya hura ya mayar, ya rantse injin lafiyarsa lau. Ta fitar da jerin a takarda ta bi shi da rula, layi-layi, sau uku tana gwadawa da littafin, ba ta ga inda ta kauce ba. Matan unguwa suka fara cewa kayan gwanjo ai ba a san hannun da ya fito ba. Wasu suka ce tsufa ne, wai ba a koyon sabon salo da furfura. Na tanka wa biyu daga cikinsu yadda ba za su manta ba, amma a raina ni ma na fara shakka.

A rana ta huɗu da hantsi Baba Saje ya zo karɓar littafinsa zai kai bakin tasha. Ina falon, na kai mata kunu da ta ƙi sha. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya tsaya a bayanta ya ce, "Ɗiyata, ba ni ganin laifinki. Amma da can ina ganin abina da idona. Yanzu ƙeyarki nike gani."

Na ɗauka Keziah kuka za ta yi. Sai ta miƙe ta kashe injin, ta zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta ce mini in kama can. Teburin maɗaci ba wasa ba ne. Muka ja shi, yana kukan siminti, har tsakiyar falo, muka juya shi gefe. Waya ta ƙi kaiwa soket, na ruga gida na cire wayar ƙari ta firijina na kawo. Ta jawo benci ta ajiye a gefen damanta, inda yake shekara goma sha tara a baranda, ta karkata fuskar monitan yadda su biyu za su gani. Ta kunna injin ta buɗe jerin, ta ƙara wa rubutun girma har kowace lamba ta kai kan yatsa.

"Zauna, Baba. Ba za ka fita da littafin nan ba sai ka ga abinka."

Ya sa tabaransa mai ɗaure da zare, ya bi layi da sandarsa har ya iso na goma sha ɗaya, inda sunansa yake. Lambarsa tana da ɗaya har uku a ciki. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya nuna gefen hagu, inda kwamfutar ke ƙirga layuka da kanta, ya dawo ya nuna lambarsa.

"Wanga ba tawa ba ce," in ji shi. "Dubi ɗaya ta gefe, tana da baki. Tawa ma baki gare ta, je ki duba akwatina. Waɗanga sanduna ne kika kafa mini."

Na ga Keziah ta ɗaga hannunta na dama tana kallon yatsunta kamar ba nata ba. Daga baya ta yi mini bayani. Tsohuwar tafiretarta ba ta da maɓallin lamba ɗaya sam, haka ake ƙera su a da. A makarantar koyon bugu an koya musu su buga ƙaramin harafin L a madadinta, don a takarda kamanninsu ɗaya, ba wanda zai bambance. Yatsanta ya yi shekara talatin yana zuwa can ba tare da ya nemi izininta ba. Mutum yana karantawa ya ga ɗaya, kwamfuta kuwa harafi take gani. Duk mutum goma sha takwas ɗin nan masu ɗaya a lambarsu ne.

Ta ba shi haƙuri sau ɗaya, ba ta tsaya dogon bayani ba. Ta yanko jan filasta ta manna a kan maɓallin ɗaya. Ta aika aka kira sauran sha bakwai, kowa ya zo ya zauna a bencin, ya ga lambarsa da idonsa, ya gyaɗa kai, sannan ta wuce na gaba. Kafin la'asar an gama. Da sassafe ta bi Baba Saje har mota, fulofi biyu a jakarta don gudun ko-ta-kwana.

Teburin yana nan a tsakiyar falo, duk mai shiga sai ya raɓa ta gefe. Da Rachel ta dawo hutu daga makaranta ta ce ba haka ake tsara ofis ba, uwar ta ce ta je ta gaya wa Baturiyar kalanda. Wayar firijina kuwa ba ta dawo ba, wata na saya.

Ranar da katunan suka iso, Baba Saje ya zo da nasa a aljihun gaba, ya ba mu muka juya shi muka mayar masa. Bai tashi ba. Ya gyara zama a benci ya ce ta buga masa lambar Philemon ya gani. Kafin ta buɗe baki ya karanto ta da ka, yadda ya saba kiranta a fareti. Akwai ɗaya biyu a ciki.

Keziah ta buga a hankali, wannan karon tana kallon monitan. Da ta zo kan jan filastar ta dakata kaɗan, sannan ta danna.

"Shekara goma sha biyar ina buga wa ofishin soja wasiƙu a kansa, Baba," ta ce. "Yau ne na fara rubuta lambarsa daidai."

Dattijon ya dafa teburin ya miƙe, ya jingine sandarsa, ya ƙame a gaban monitan.