Farar Akuyar Aisha Humaira

Tun ranar da Malama Muhsinat ta ce za ta sa sunan Aisha Humaira a sabon littafinta hankalina bai kwanta ba, kuma ban ɓoye mata ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata a unguwar Galtimari, cikin Maiduguri. Sunana Phebe, amma unguwa kaf Maman Caleb ake kirana, kuma kowa ya san magana ba ta kwana a cikina.

Muhsinat 'yar unguwar Abbaganaram ce. Mahaifinta, Ba'ana, mai ɗinkin hula ne, irin wanda in zare ɗaya ya karkace sai ya warware aikin duka, kuma wannan taurin kai ta gado. Ta daɗe tana koyarwa a firamare, inda littattafan da ake kawo musu suke cike da yara masu wasa a bakin teku, alhali ɗalibanta ruwan madatsar Alau ne iyakar saninsu. Da abin ya ishe ta sai ta fara rubuta nata, da Hausa da Kanuri. Ita ke rubutawa, ita ke zaman jira a wurin masu buga littafi, ita ke loda kwalaye a keke napep tana bin makarantu ana ce mata ta dawo jibi. Ba ta yi arziki da aikin ba, amma da wuya ka sami yaro a unguwarmu da bai haddace wani labarinta ba.

Ba ta kai labari wurin bugawa sai ta gwada shi a kan yara. Kowace Asabar da hantsi takan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidanta ta karanta musu. Ba fuskokinsu take kallo ba, ƙafafunsu take kallo. Da zarar ƙafafu sun fara motsi, ta san wannan shafin ya mutu, sai ta soke shi. Ladan masu sauraro kuwa shi ne ta sa sunayensu na gaskiya a littafin. Iyaye mata har kamun ƙafa suke yi. Caleb ɗina ma ya taɓa fitowa a matsayin mai kiwon agwagwa, muka sha fama da girman kansa.

Sai kuma maganar hanya. Muhsinat ba ta rubuta hanyar da ba ta taka da ƙafarta ba. In ta ce akwai mai shayi a kwanar kaza, to je ka, za ka same shi yana fifita wuta. Takan ce yaran Maiduguri ba a yi musu ƙarya a kan garinsu, yanzu su kama ka.

Aisha Humaira yarinya ce da ba ta kai shekara goma ba, a layin bayanmu suke. Mahaifinta Sa'id manomi ne a gaban garin Khaddamari. Wata kaka ya tafi girbi da abokansa, shi ke nan. Ba gawa, ba labari. Wasu suka ce mutanen daji ne, wasu suka yi shiru, wanda shi ma amsa ce. Uwarta Fanna ba ta yi zaman makoki ba, don ba wanda ya ce mata mijinta ya mutu. Yarinyar kullum tana gaba a tabarmar Asabar, kuma ita kaɗai ce ƙafarta ba ta taɓa motsi ba. Fanna ce da kanta ta roƙi alfarma.

"Malama, ki sa mini ita a littafi mana, ko ta yi dariya. Tun da abin nan ya faru ban ga haƙorinta ba."

Ga labarin da Muhsinat ta rubuta. Wata yarinya mai suna Aisha Humaira ubanta ya ɓace a gona. Sai ta kama farar akuyarsu, wadda ta san ƙanshinsa don shi ke ba ta dusa, suka fita daga Galtimari, suka ƙetare gada, suka wuce unguwar Kwastam, suka kama hanyar Khaddamari. A gindin wata tsamiya akuyar ta tsaya tana kuka, sai ga uban kwance da ciwon ƙafa. Suka dawo gida tare, aka yi biki.

Ina tsinken zogale ta kan katanga na ji ta karanta shi. Yara suka yi ta tafi. Da suka watse na zagaya wurinta.

"Malama, ki canza ɗaya. Ko sunan, ko hanyar, ko ƙarshen."

"Maman Caleb, kin fara ko? Yaran garin nan sun ga abin da ya ishe su. A littafina dai kowa zai dawo gida."

"To ki sa wani gari da babu shi."

"In na yi ƙarya a hanya ba za su yarda da sauran ba."

"Ai yardar ce nake tsoro."

Ta yi dariya ta ce da ni ce marubuciya da yara sun daina barci. Na ji haushi ƙwarai, na koma gidana. Littafin ya fito da hoton yarinya da farar akuya a bango, ya shiga makarantu, kuma gaskiya Humaira ta yi dariyar da uwarta ke nema.

Daga nan na fara lura da abubuwa. Yarinyar ta daina tsalle-tsalle da sa'o'inta, sai ka gan ta a bakin titi tana kallon kekunan da ke yin gabas. Ta tambayi mai kayan miya ko Kwastam ta fi kasuwa nisa. Ni ma ta tare ni ina shanya, ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Mama, in mutum ya fita da safe zai kai Khaddamari kafin azahar?" Na kai wa Fanna maganar, ta ce wasan yara ne. Na kai wa Muhsinat, ta ce alamar labarin ya shige ta ne.

Wata safiya ina gidan Muhsinat, Fanna ta shigo ba ko sallama, gyale a hannu. Humaira ta fita da kayan makaranta amma ba ta isa aji ba. Ba wanda ya tsaya tambayar ina ta nufa. Muka tare keke mu uku, Muhsinat na gaya wa direba inda zai bi, don ita ta tsara hanyar.

Ban taɓa tsanar ƙwarewar mutum irin ta ranar ba. A gada mai sayar da rake ya ce ya ga yarinya ita kaɗai da jakar makaranta. Mai shayin kwanar Kwastam ya ce har gaishe shi ta yi da sunansa, ya yi mamaki. Duk inda littafin ya ambata, ta bi ta nan. Fanna tana ta salati. Gidaje suka fara ƙarewa. Muka isa ƙofar da manoma ke fita, inda ramin tsaro ya kewaye gari, masu gadi suka ce iyakarmu nan. Sun ga mata masu itace sun fita da yara tun da hantsi, wa zai tantance 'yar wa ce?

Muka zauna a rana muna kallon daji. Babu abin gani sai ƙaya da hanya, kuma kowa a wurin ya san abin da ke bayan inda ido ya tsaya.

Wajen la'asar masu itace suka fara dawowa, sai ga Humaira a tsakaninsu, wata dattijuwa riƙe da hannunta. Silifas ɗinta ya tsinke, ƙafafunta sun kumbura. Dattijuwar ta ce can gaba suka tsinto ta, inda su kansu ba sa kaiwa, tana zagaya wata bishiya tana kira. Fanna ta rungume ta tana kuka tana dukan bayanta. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Muhsinat take kallo.

"Malama, laifina ne. Ban tafi da akuya ba."

Muhsinat ta durƙusa a ƙasa, a gaban masu gadi da kowa.

"Humaira, saurare ni. Labarin nan ni na ƙirƙira shi. A ɗakina na zauna na rubuta. Ba gaskiya ba ne."

"Na ga gadar," in ji yarinyar. "Na ga mai shayin. Na ga tsamiyar. Duk suna nan yadda kika ce."

Na so in ce wa Muhsinat ai na gaya miki, amma tausayinta ya hana ni.

Magana zarar bunu ce. Muhsinat ta koma makarantun nan ɗaya bayan ɗaya tana roƙon a dawo mata da littafin, aka ce yara sun tafi da shi gida. Kuma gidajen da uba ya tafi gona bai dawo ba, ba na Fanna kaɗai ba ne a garin nan. Ta daina sa sunan kowa. Ta rubuta wani labari inda uban bai dawo ba, yarinyar ta girma da uwarta. Ta karanta shi a gindin darbejiya, ƙafafu suka yi ta motsi, wannan karon ba ta soke ko shafi ɗaya ba. Humaira dai ba ta zo ba, kuma ba ta sake zuwa ba.

Fanna ke kai ta makaranta yanzu, ita ke ɗauko ta. Har na fara cewa ƙura ta lafa. Sai akuyar Baba Jona, tsohon da ke kiwo a ƙarshen layinmu, ta haifi 'yar fara. Ran nan da yamma muna dawowa daga gaisuwa ni da Muhsinat, muka hango Humaira tsugune a bakin garken da dusa a kwano. Ta ciro wani abu daga cikin hijabinta ta kara a hancin 'yar akuyar, ta riƙe shi a nan tana yi mata magana a hankali. Tsohuwar hular ubanta ce.

Muhsinat ta damƙe hannuna har na ji zafi. Ta ce gobe za ta roƙi Baba Jona ya kai 'yar akuyar ƙauye.

Na ce to, ta roƙe shi. Amma farar akuya ba ta da wuyar samu a Maiduguri.