Tantin da Na Ɗinka da Hannuna

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, maƙwabcina a Angwan Iya, nan garin Keffi, ya yi ritaya daga aikin gandun daji. Tare muka yi makarantar allo, amma shi boko ya ɗauke shi, ni kuwa keken ɗinki ya riƙe ni. Tela ba ya ritaya, sai dai idonsa ya gaza.

Ya sayi tsohuwar akori-kura, ya ce zai yi wata da watanni yana yawo, daga tsaunin Mambila har bakin tafkin Chadi, yana kwana a daji. A fili na ce masa, "Malam, tsufa ya zo maka da rigima." A zuci kuwa baƙin ciki kamar ya kashe ni.

Sai ga shi da tamfol, wai in ɗinka masa tanti mai cin mutum biyu. Mutum biyu! Na ninka kowane ɗinki, allurai suka yi ta karyewa ban damu ba, har na sa mai ɗakina ta yi mini dambun nama na guzuri.

Ranar tafiya ya shigo shago yin sallama da neman gafara, kamar yadda matafiyi kan yi. Na daure na tambaye shi wane ne na biyun.

"Ai wurin buhun gari ne da rediyo, kada ruwa ya taɓa su," in ji shi. Sannan ya miƙo mini makullin gidansa. "Ga amanar tantabaruna."

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Dambun a kan keken ɗinki na cinye shi. Buhun gari ya ga Mambila, ni ban wuce tashar Keffi ba.