Dis ɗin da Kawu Sale Ya Hana a Juya

Yau shekara shida da rasuwar kawuna Sale, mai sayar da nama a Djougou. Ni ba marubuci ba ne, aji huɗu na gudu daga lakwal, sai ku yi haƙuri da ni.

Duk wanda ya taɓa shiga falonsa ya san wurin. Tele a bango, baful biyu masu fitar da sauti bisa katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa su, tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, a ƙarƙashi da dis ɗinta, ƙaramin akwatin nan da ake tara bidiyo. Kowane suna, kowane biki na danginmu, daga Zongon Parakou har Bariénou, yana ciki.

Abu ɗaya Kawu ya ƙi: a juya wa wani. Mutumin kaset ne, ya rantse in an juya har na asalin ragewa yake. Don haka dis ɗaya ne tak, ba shi da na biyu.

Watan jiya ya fara ƙara, ƙas-ƙas, hoto na tsayawa. Na ce wa matarsa, Inna Hajara, ta bari in kai Parakou a juya.

"Kai da ba ka iya zama wuri guda? Kawunka ya hana."

"Inna, wannan ba kaset ba ne. In ya mutu, da kowa zai tafi."

Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Na huɗu ta naɗe shi cikin ɗankwalinta ta miƙo mini, ko kallona ba ta yi ba.

A ƙirji na riƙe shi har Parakou. Mai gyara ya jona, ni ina tsaye, na kasa zama, ina kallon koren layi yana rarrafe. Bai kai rabi ba dis ya yi shiru. Sunan ɗansu na fari ya tafi, dawowar Kawu daga Makka ta tafi. Da yana raye, ban sani ba ko cewa zai yi ai ya faɗa, ko zai yarda shi ya jawo. Har yau ina juya abin a raina.

Na koma na haɗa sabon dis mai ɗauke da ɗan abin da ya tsira, Inna na zaune bisa tabarma, fuska a ɗaure. Ashe Kawu ba ya cikin hoto ko ɗaya, kullum shi ke riƙe da kamara. Abin da ya rage mana muryarsa ce a bayan hoto, yana ta ba mutane umarni. Can sai ta fito daga baful: "Hajara, matsa, kin tare haske."

Inna ta matsa.

Allah ya ji ƙanka, Kawu.