Ƙafar Inna da jan babur ɗin Yaya

Har yau in na ji kukan babban babur a titin Gaya sai na yi tsaki, ko a gaban wa nake. Mutane su ce, ke kuwa mi ya yi miki? Ya yi mini mana. Irinsa ne ya gasa ƙafar innata ta dama, kuma wanda ke tuƙin yayana ne, ɗanta na fari.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar kan iyaka, Gaya ta zama kamar gidan makoki. Yaya aikinsa fito da motocin da ake kawowa daga Kwatano, to aikin ya tsaya cak. Mai hankali sai ya koma ƙauyenmu can wajen Tanda ya taya Inna aikin shinkafa a fadama. Shi fa? Sai ga shi da wani jan babur da aka tsallako da shi cikin kwalekwale, irin wanda Turawa ke tsere da shi. Ba a zama a kansa, kwanciya ake yi, ciki a kan tanki, baya a sama, kamar mai dashen shinkafa. Magidanci da 'ya'ya, da doguwar riga, ya bi gari a haka yara na binsa da ihu, shi kuma yana ganin ya gama haɗuwa.

Sau ɗaya na hau shi, daga kasuwa zuwa ƙofar gidana. Wurin zaman na baya bai fi faifai ba, ga shi can sama, ga wani hucin wuta da ke tasowa daga inji yana shiga cikin zane. Ba mu yi nisa ba na fara dukan bayansa.

"Sauke ni! Wallahi sauke ni, ko na diro!"

Ya yi dariya ya ce, "Ke ba ki san kaya ba. Sai yana gudu yake shan iska."

"To a ina za ka yi gudun? Tsakanin amalanke da tireloli?"

Kada wani ya ce mini bai sani ba. Ya sani sarai. Matarsa ta gaya mini cinyoyinsa duk sun saɓule, har tsumma yake jiƙawa ya ɗora a kan tanki. Ƙarfen da ke rufe bututun hayaƙi ya ɓace tun wajen tsallakowa, bai sa wani ba. Batirin kuma ya mutu, babur ɗin ba shi da abin bugawa da ƙafa, in ya mutu sai ƙarti sun tura. Saboda haka Yaya ba ya kashe shi, ko gaisuwa ya tsaya yi yana nan yana gurnani yana dahuwa.

Inna tana da ciwon suga, takan zo asibiti a auna ta. Akwai wani mai kabu-kabu maƙwabcinta da ke kawo ta a hankali a kan ɗan babur ɗinsa, ba a taɓa jin komai ba. Ranar nan Yaya ya je ƙauye nuna abin hawansa, ya tarar tana shiri, ya sallami mai kabu-kabu. Wai yana raye ba za a ɗauki uwarsa a kan akwala ba.

A wajenmu kuwa uwa tana kunyar ɗan fari, kuma Inna ta riƙe abin da ƙarfi fiye da kowa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunansa ba, sai dai "wancan". A ɗakin kakarmu ya girma. In ya shigo gida takan kau da kai, in tana da saƙo gare shi sai ta ba ni ko ƙanwata, ko da yana tsaye a wurin. To matar da ba ta iya ce masa sannu, ta yaya za ta ce masa ba ta hawa? Aka ɗaga ta aka ɗora. Ba ta riƙe kafaɗarsa ba, ba ta riƙe rigarsa ba. Ta mai da hannuwa baya ta damƙi gefen kujera.

Abin da ya faru a hanya, wata mai sayar da kifi da ke bayansu a layi ce ta ba ni labari. Kafin a shiga Gaya akwai bariyar, inda ake tsai da kowa a duba kartidante, wato katin shaida. A lokacin ba a musu da mai bindiga, in an ce tsaya ka tsaya inda kake, ba ka sauka sai an ce. Rana ta take tsaka, layi ya yi tsawo. Yaya ya ƙi kashe inji don kada a ga ana tura shi a gaban mutane. Ta ce yana ta ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya saboda zafi. Kujerar baya kuwa a karkace take, tana zamo da mutum gaba, sai ka faɗa kan bayan mai tuƙi. Don kada jikinta ya taɓa nasa, Inna ta tokare ƙafarta da abin da ta samu, abin da ta samu kuwa bututun nan ne. Mai kifi ta ce ta ji ƙauri, ta ɗauka babur ɗin ne.

Ƙofar gidana ya fara kawo ta. Na kama ta zan sauke, sai na ga zanenta ya manne da ƙwaurinta, ya narke ya shige cikin fata. Na yi salati, sannan na juya kansa.

"Yaya, mi ka yi? Dubi! Dubi abin da tsinannen ƙarfenka ya yi!"

Ya tsaya sororo da kaske, hular kwanonsa, a hannu. "Ba ta ce komai ba. Wallahi ba ta ce komai ba."

"Yaushe ta taɓa ce maka komai? Yau ka san ta?"

Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar, kuma ban yi nadama ba. Maƙwabta suka fito suna ba ni haƙuri. Inna kuwa abin da ta ce kawai, "Rage murya, a titi kike."

A asibiti manjo, babban ma'aikacin jinya, ya wanke ciwon ya yi pasema, wato ya sa magani ya ɗaure, ya ja ni gefe. Ya ce ƙuna a ƙafar mai suga ba wasa ba ce, in ta warke a gode Allah, in ta fara baƙi sai babban asibitin Dosso. Na ajiye ta a ɗakina. Kullum ni ke kai ta wankin ciwon, ni ke korar ƙudaje, ina leƙa bakin ciwon ina roƙon ya yi ja. Shinkafarta ta nuna a fadama, wasu suka yanke mata. Yaya yakan zo ya zauna a zaure da kifi ko lemo, ba ya shigowa, ni kuma ba na ce masa shigo. Abu ɗaya na riƙe ina sanyaya zuciyata da shi: an ce suga yana kashe jin ƙafa, to Inna ba ta ji komai ba. Ran da na ga Yaya ya rame na gaya masa haka, ya riƙe maganar hannu bibbiyu, yana maimaita ta ga duk wanda ya zo dubiya.

Ciwon ya yi baƙi, ya fara wari. Muka tafi Dosso, a mota wannan karon. Likita ya buɗe ya daɗe yana kallo, ya ce ƙafar ba ta tsira. Ni ina riƙe da hannun Inna, Yaya yana tsaye a bakin ƙofa. Likitan ya sunkuya ya tambaye ta a hankali.

"Inna, lokacin da abin ke ƙona ki, ba ki ji ba?"

Na yi caraf na ce, "Suga ne, likita, ƙafar ba ta ji."

Inna ta ce, "Na ji. Tun kafin a zo kan layinmu nake ji."

"To mi ya hana ki magana?"

Ta juya fuska wajen bango, ta ba ƙofa baya.

"Da wa?" ta ce.

Na ji Yaya ya sulale ya zauna a ƙasa. Ban waiwaya ba, don da na waiwaya ban san wanda zan fara zagi ba, shi ko ita ko waɗanda suka koya mata haka. Washegari aka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa.