Alamar da Na Sa Baba Ya Yi

Aikin ido ne ya kawo Baba wurina Highbridge, unguwar da nake zaune a ƙasar Turawa. Yanar ido ta rufe masa na dama, ta fara cin na hagu. Ya haura saba'in a lokacin, kuma fiye da shekara arba'in daga ciki a zaurenmu na Kano ya yi su, a kan buzu, manyan mutane masu furfura suna zuwa ɗaukar karatu wurinsa tun daga Damagaram da Agadas. Fiƙihu, nahawu, lugga, rabon gado. Ni na tashi ina share zauren nan kullum safe, ina kawar da takalman ɗalibansa daga bakin ƙofa don a samu hanyar wucewa.

Ranar da na fara kai shi asibiti a gajiye nake liƙis. Daga gidan tsohuwar da nake kula da ita na fito, ban ko karya ba. Matar da ke kan tebur tana tambaya, ina amsawa, tana bugawa a kwamfuta. Ta zo kan iya karatunsa: firamare, sakandare, kwaleji, ko babu? Ban ko ɗaga ido ba na girgiza kai na ce babu. Ai haka muke faɗa a gida, wanda bai yi boko ba bai yi makaranta ba. Bakina ya riga hankalina.

Nan take muryarta ta canza. Ta koma yi masa magana da ƙarfi, a hankali, kamar kurma. Ta nuna layin sa hannu, ta ce ya yi alama kawai ta isa. Ni kuma, wawuya, na kama hannunsa na ɗora a kan takardar.

"Baba, ka yi alama nan."

Hannun da ya kwafe littattafai cike da akwati uku, shi ya zana ɗan gicciye a wurin.

A cikin bas muna hawa tudun unguwarmu ya ce, "Uwata, me ta tambaye ki kika girgiza kai?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na gaya masa. Ya ce, "To." Ya juya yana kallon tagar da ba ya ganin komai ta cikinta. Wallahi ban sa abin a raina ba. Aka yi aiki, ido ya buɗe, muka gode wa Allah.

Ran Asabar da safe nake zuwa kwaleji, karatun nas nake yi, kuma dole sai ka haɗa da darasin tarihi. Wata Asabar farfesanmu ya ɗauko yadda jami'o'in Turai suka faro a Paris da Bologna. Ya ce da farko ba su da gini ko ɗaya. Malami ne zai zauna a ɗakin haya, ɗalibai su zazzauna a ƙasa kan ciyawa, ya karanta littafi layi-layi yana warwarewa. Ɗalibi zai baro garinsu da ƙafa don ya ji labarin wani malami. In ya ƙoshi da karatu bayan shekaru, sai a ba shi izinin ya koyar. Kuma babban abin da ake nema a Paris ilimin addini ne.

Tun yana kan maganar ciyawar nan na ajiye birona. Wannan ai zaurenmu yake zayyanawa, buzu kawai ya rage! Na ɗaga hannu na ce mahaifina haka yake koyarwa har gobe, kuma yana da izinin malaminsa a rubuce.

Ya yi murmushi ya ce abin sha'awa ne ƙwarai, amma wannan karatun gargajiya ne, mu jami'a muke magana. Ya juya ga allo.

Kai! Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Nasu da suka zauna a ciyawa su ne tushen ilimin duniya, namu da suka zauna a buzu gargajiya? Addinin da aka karanta a Paris ilimi ne, wanda aka karanta a Kano al'ada? Har na sauka daga jirgin ƙasa ina faɗa ni kaɗai, wata mata ta matsa ta bar min kujera biyu. Na rantse kafin Baba ya koma gida sai an goge wannan babu ɗin daga sunansa.

Ran Litinin za a duba idon a karo na ƙarshe. Na roƙe shi ya taho da ijazarsa, takardar da malaminsa ya rubuta masa da hannu, da sunayen malaman malaminsa a jere har sama. Ba ya tafiya ko'ina ba tare da ita a gafakarsa ba. Bai tambaye ni dalili ba.

Matar nan dai muka samu. Na shimfiɗa takardar a gabanta, na ce a gyara, mahaifina babban malami ne. Ta duba, ta ce da kyau, amma wace hukuma ta bayar? Gurbi huɗu ne a kwamfutar, wanne za ta danna? Na ce ta danna kwaleji. Ta ce sai da kwali. Nan na fashe. Na ce mutanen da suka fi likitocinku shekaru sun durƙusa a gaban tsohon nan! Na ce kun mai da shi jahili a takarda, kun sa shi zana alama kamar wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba! Mutane suka juyo, mai gadi ya fara matsowa, ni kuwa ko a jikina.

Baba ya ja bakin mayafina. Ya nuna takardar sallama da ke kan tebur, ya miƙa hannu aka ba shi biro. Ya sunkuya da sabon idonsa, ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da na kakansa, daga dama zuwa hagu, har ya wuce layin. Ya naɗe ijazarsa ya mayar gafaka, ya yi wa matar godiya da Hausa, muka fito.

A bakin titi ina ta huci, ina cewa sai na rubuta ƙara, sai na ga shugabansu. Ya bar ni na gama tsaf.

"Uwata," ya ce, "me baiwar Allahn nan ta yi miki kike mata ihu? Tambaya ta yi, aka ba ta amsa. Ita ba ta taɓa share zaurena ba."

Bas ta zo. Ya hau da kansa, bai jira na riƙe masa hannu ba.