Hijabin Asabe da Injin Goge Tarazo

Har yau ban manta da safiyar da injin goge tarazo ya kama hijabin Asabe ba. Kun ce in faɗa muku wani abu kafin in ajiye aiki, to ita zan ba ku. Tsofaffin cikinku sun ji labarin a bakin wasu, amma ba su ji rabona a ciki ba, don ban cika faɗarsa ba.

A lokacin kamfaninmu ƙarami ne. Kwangila ɗaya tak muke da ita, ta share wani asibitin kuɗi a nan Daura. Mu goma sha biyu ne, mata takwas, maza huɗu. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, a ƙasa akwai mai shara, sai babbar mai shara, wadda ita kaɗai ake yarda ta riƙe inji da makullin sito. Sama da ita sai sufabaiza, sannan manaja. Manajanmu Malam Lawal ne, mutum mai sanyin magana. Ni ce babbar mai shara, shekarata tara a aikin. Babu kusurwar asibitin nan da ban durƙusa na goge ba.

Bayan an ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, mai kamfani ya ce a raba aiki. Maza su riƙe harabar waje da ɗakin maza, mata su riƙe ɗakin haihuwa da na yara da dogon barandan ciki, kuma mata su samu sufabaiza mace. Da na ji haka, ban tambayi kowa wa za a ba ba. Har na gaya wa maigidana a shirya, girma ya zo.

Sai aka ba Zainabu.

Zainabu 'yar Dutsi ce, shekararta biyu kacal da shigowa. Ni na koya mata yadda ake matse tsumma ba tare da ya karya wuyan hannu ba. Sa'ar ƙanwata ta uku ce. Na sami Malam Lawal a ofis, na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, ko na yi wani laifi ne ban sani ba?"

Ya ce, "Malama Rabi, babu laifi. Babu wanda ya kai ki sanin aiki. Amma magungunan wanke-wanke da ake kawo mana yanzu duk da rubutu a jiki, kuma asibiti na son rahoto a rubuce kowane mako. Zainabu ta gama sakandare."

Na ce na gode, na fito. Tun daga ƙofar ofishin nan wani abu ya tokare mini ƙirji, ya kuma zauna.

Aka tura ta Katsina kwas na kwana uku kan kare lafiyar ma'aikata. Ta dawo da farar riga mai aljihu biyu da buhun kaya, safar hannu ta roba, takunkumi, takalman roba masu tsawo, da alluna masu ruwan ɗorawa da ake kafawa inda ƙasa ke da santsi. Ta tara mu a bakin sito ta karanta dokoki. Kada a haɗa ruwan bilic da asid na wanke masai, hayaƙinsu na shaƙe mutum. Kada a zuba magani a gorar ruwan sha. Kada a ɗauki sirinji da hannu. Kada a taɓa burushin inji sai an zare waya daga soket. Duk gaskiya ne, kuma rabinsu na riga ta sani. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda matan da na raina a aiki suka zuba mata ido suna gyaɗa kai.

Sai ta zo kan hijabi. A waɗancan shekarun kowace mace ta koma dogon hijabi, wasu har ƙasa. Zainabu ta ce kamfani zai ɗinka mana gajere mai kauri, wanda zai rufe kai da wuya da ƙirji, a ɗora rigar aiki mai dogon hannu a kansa. Ta ce dogon yana jan ruwan datti daga masai zuwa ɗakin jarirai, yana harɗe ƙafa a matakala, kuma inji na iya kama shi.

A nan na sami abin da nake nema. Ban yi magana a gabanta ba. Sai da muka zauna cin abinci a gindin darbejiyar bayan ɗakin wanki na ce, "To, kun gani. Kwana uku a Katsina, ta dawo za ta tuɓe mana hijabi. A wannan zamanin da kowa ke gyara addininsa." Ban ƙara ba. Maganar ta yi tafiyarta da kanta.

Maigidana malamin Islamiyya ne. Na kai masa zancen da yamma ina jiran ya goya mini baya. Ya tambaye ni, "Gajeren ya rufe abin da aka ce a rufe?" Na ce ya rufe. Ya ce, "To mene ne? Kare rai ma addini ne, Rabi. Ki duba zuciyarki, anya hijabin ne ke damunki?" Na tashi na shiga kicin. Washegari ban gaya wa kowa abin da ya ce ba.

Mata biyar suka karɓi gajeren. Mu biyu muka ƙi, ni da Asabe. Asabe 'yar Zango ce, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, kullum a motar haya take zuwa ta koma. Ba ta da rigima ko kaɗan. Ta ƙi ne kawai don ni na ƙi. Ta ce mini, "Yaya Rabi, ke matar malam ce. Abin da kika yi shi zan yi."

Zainabu ta same ni ni kaɗai a sito. Ta rusuna ta gaishe ni kamar yadda ta saba, ta ce, "Yaya, don Allah ki taimake ni. Idan kika sa, kowa zai sa. Wallahi ban nemi kujerar nan ba."

Na ce, "Ranki ya daɗe sufabaiza, ai ke ce da iko. Ki rubuta ni a rahoto."

Ba ta rubuta ba. Wannan ma ya ƙara mini haushi, don na so ta yi abin da zan kama.

Saura maganar inji. Injin goge tarazo yana da faffaɗan burushi a ƙasa mai juyawa da ƙarfi, da dogon hannu da ake riƙewa. A jikin hannun akwai wani ɗan ƙarfe da sai ka matse shi inji ke tashi, ka sake shi ya tsaya. An yi shi haka ne don in wani abu ya faru, da ka saki ya mutu. Amma matse shi na awa biyu yana sa yatsu su sandare. Shekaru da yawa kafin nan na samo dabara, na ɗaure ƙarfen da robar tayar keke, ya zama da an sa waya a soket inji ya tashi. Zainabu ta yanke robar a makonta na farko. Na sake ɗaurawa. Ta sake yankewa, ta yi mini bayani a hankali. Na jira ta tafi ɗakin haihuwa na ɗaura ta uku. Ba yatsuna ne suka dame ni ba a wannan karon. Dabarata ce, kuma ban ga dalilin da yarinyar da na koya wa aiki za ta kashe ta ba.

Ranar da abin ya faru damina ce, an kwana ana ruwa, masu jinya sun cika baranda da taɓo. Wajen ƙarfe tara na safe na fito da inji. Bayana na ciwo, sai na miƙa wa Asabe, ko da yake ƙa'ida ta ce ni kaɗai ke riƙe shi. Na koma gefe ina jan ruwa da mofa.

Tana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, inji ya tsaya. Ta ga wani zaren bandeji ya naɗe a burushi, ta durƙusa za ta cire. Ba ta zare waya ba, don ba ta taɓa ganin na zare ba. Gefen hijabinta ya kwanta a ƙasa kusa da burushin. A bayan gini mai kula da janareta ya tayar da shi.

Ban ji ihu ba, don ba ta samu damar yi ba. Ƙarar inji na ji, na waiwaya, na ga kan Asabe ya fizgu ƙasa ya bugi murfin ƙarfe. Hijabin ya naɗe ya shaƙe ta, inji na ta jan ta gefe, ƙafafunta na shure tarazo. Ina tsaye taku biyar daga soket, mofa a hannuna, na kasa motsi. Salati kawai nake yi.

Zainabu ce ta fito da gudu daga ɗakin yara. Ba ta nufi Asabe ba, bango ta nufa, ta fizge wayar. Sannan ta zaro almakashi daga aljihun farar rigarta, ta zura yatsu biyu tsakanin wuyan Asabe da ƙyallen, ta yanke shi tun daga haɓa. Ta ce, "Kada kowa ya ɗaga ta! Kada a juya mata wuya! Yaya Rabi, kira likita." Sai da ta faɗa sau biyu kafin ƙafata ta ɗauke ni.

Allah ya sa a asibiti muke. Asabe ta rayu. Goshinta ya tsage aka ɗinke, ƙashin kafaɗarta ya karye, muryarta ta yi mako uku ba ta fita sosai.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai maigidana. Da likita ya fito ya ce a gaban kowa, "Wannan yarinya ta ceci rai yau," na ji daɗin Asabe ta tsira, wallahi na ji. Amma a ƙarƙashin wannan daɗin, abin nan da ya tokare mini ƙirji ya motsa. Ƙawata na kwance da jini a fuska saboda ni, ni kuwa ina jin zafin an yabi Zainabu. Da Asabe ta farfaɗo ta miƙa hannu, hannun Zainabu ta kama, na sake jin wannan zafin. A nan na tsorata da kaina. Na shiga sito na rufe ƙofa na yi kuka.

Ƙa'idar kamfani ita ce duk haɗarin da ya kai ga kwanciya, manaja zai zauna da sufabaiza da wanda ya gani, a rubuta. Bayan kwana biyu Malam Lawal ya kira mu. Injin na gefen teburinsa, robar na nan a jiki. Ya tambayi Zainabu, "Wa ya ɗaura wannan?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ce sufabaiza. Ya kamata in duba injin kafin ya fita sito, ban duba ba. Kuma na san akwai masu dogon hijabi, na yi shiru ban kawo maka ba. A rubuta haka."

Ya ɗauki biro. Na ga idan na yi shiru, magana ta ƙare, ita za ta ɗauki takardar gargaɗi, ni in fita da tsabta. Kuma zan ci gaba da zama ƙarƙashin alherinta har ƙarshen aikina. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban san wanne ya buɗe bakina ba, tsoron Allah ko ƙin in karɓi wannan alherin daga hannunta. Na ce, "Ranka ya daɗe, dakata. Ni na ɗaura, sau uku. Ni na ba Asabe inji. Ni na ce hijabin kamfani ya saɓa wa addini, alhali an gaya mini a gida bai saɓa ba."

Malam Lawal ya ajiye biro. Ya ce, "Me ya sa, Malama Rabi?"

Na ce, "Hassada."

Aka dakatar da ni mako biyu, aka karɓe makullin sito, na koma mai shara. Zainabu ma ta sami gargaɗinta, don ta dage a rubuta nata.

A cikin kwanakin dakatarwar na hau mota zuwa Zango. Na tarar da Asabe a zaune a tabarma, hannu a rataye, babbar 'yarta na yi mata tankaɗen gero. Na faɗa mata komai. Ta ce da 'yar muryar da ta rage mata, "Ni dai na ɗauka don Allah kike yi." Ta yafe mini kafin in tafi, har ta sa aka ɗebo mini gyaɗa. Amma da ta dawo aiki ba ta iya ɗaga bokiti da hannun dama, aka mayar da ita ninke zannuwa, kuma ba ta sake tambayata ra'ayi kan komai ba.

Zainabu ta yi gaba, yanzu ita ke kula da rassan kamfani uku. Ni ma daga baya na riƙe sufabaiza, bayan na shiga ajin yaƙi da jahilci na iya karanta jikin galan. Muna gaisawa da mutunci. In ta zo da motar ofis, wani lokaci har yanzu nakan ji ɗan tsinke a zuciya, sai in yi istigfari in je in tarbe ta.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a aikin nan sabuwar ma'aikaciya ba dokar da ke manne a bango take bi ba, hannun tsohuwa take kallo. In kin cire safar hannu za ta cire, in kin bar waya a soket za ta bari. Don haka duk ranar da aka kawo doka kika ji kin tsane ta, ki tsaya ki tambayi kanki, dokar ce ba ta da kyau ko mai kawo ta ce ba kya so. Ni na yi watanni ina harin Zainabu, ko ƙwarzane ba ta samu ba. Wadda ta yarda da ni ce har yau ba ta iya ɗaura ɗankwali sai 'yarta ta taya ta.