Kujerar da na rasa a teburin 'yan Caina

Shekarun baya abokina, ɗan unguwarmu tun daga gida, ya zagaye ni ya je ya gaya wa mutanen da suka yarda da ni cewa ni ɗan dako ne kawai, a ajiye ni gefe a yi harka da shi. Abin da ya yi mini ke nan. Na faɗa tun farko don ban iya kewaye-kewaye ba.

Umara ce ta kawo ni Jidda, na ƙi komawa. Bokona bai wuce firamare ba, amma Allah ya ba ni ƙarfi. Na samu aiki a wani sito a Madinar Masana'antu, wurin wani ɗan Caina mai shigo da jakunkuna da darduma, irin tsarabar alhazai. Ni ke lodi, ni ke saukewa, kuma da yake ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, duk motar da ta tsaya a ƙofa sai in nemi wurin ɓuya.

A nan na ga yadda suke tafiyar da kansu. Mutuminsu zai sauka ba shi da komai, Larabci ko na gaisuwa babu. Ɗan garinsu zai tarye shi ya shimfiɗa masa kwali a sito. Wannan ya ba shi kaya, wancan ya ara masa mota, wani ya kai shi wurin kafili, ɗan ƙasar da zai tsaya masa a takardu, wanda ba ya cuta. Kafin ka ankara ya buɗe wurinsa. Kuma duk a tebur ɗaya ake ƙulla wannan. Ranar Juma'a da rana, da yake ba aiki, suna haɗuwa a saman wani sito su ci abinci. Wanda ya zauna a teburin nan ya shiga. Wanda bai zauna ba, ko ya shekara goma yana saye a wurinsu, baƙo ne.

Wata rana maigidana ya ce mini, da guntun Larabcinsa, "Sadik, Juma'a ka zo." Na zaci lodi ne, na tafi da kayan aiki duk maiƙo. Sai ga kujera an ja mini. Kifi da shinkafa suka sa aka dafa saboda ni. Na yi ta kokawa da tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su, shinkafa na zuba a cinyata, har wani dattijo mai sayar da barguna ya yi dariya ya miƙo mini cokali. Ni kuwa na ajiye cokalin na sa hannu. Suka tafa.

Bayan wasu Juma'o'i maigidana ya ce zai riƙa ba ni kaya in kasa a kasuwar Bab Makka, in zama mai kaina. Amma sai in nemo mai iƙama da rumfa mu haɗa gwiwa. Ya shafa fuskarsa ya nuna tawa, ya ce, "Wanda ka kawo, fuskarka ka kawo." Na ce na ji.

Ban yi dogon tunani ba. Abokina yana da takardu, yana da 'yar rumfar yadi a Bab Makka, kuma da ya zo ƙasar nan a ɗakina na unguwar Balad ya fara kwana, kwano ɗaya muke ci. Na kai shi. Ya burge su, don bakinsa da zaƙi, Larabcinsa ya fi nawa, har tsinkayen ma ya fi ni iya riƙewa. Ina ta washe baki kamar ni na haife shi.

Ashe shi lissafin kasuwarmu yake yi. A wurinmu in ka ga masu kaya biyu, sai ka je wa ɗaya ka kushe na ɗayan don ya sauko maka. Ya bari aka kwana biyu, ya tafi sito na dattijon nan mai barguna shi kaɗai. Ya ce jakunkunan maigidana zif ɗinsu ba ya ƙarko, kuma yana tsawwalawa. Ya ce a ba shi kaya kai tsaye, ni ɗan dako ne, ko takarda ba ni da ita. Dattijo ya ba shi shayi, ya yi ta gyaɗa kai, ya rako shi har ƙofa. Abokina bai san dattijon nan shi ya shimfiɗa wa maigidana kwali ranar da ya sauka ba. Dattijo ya kwashe komai ya gaya wa maigidana.

Washegari maigidana bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sadik, Juma'a babu. Halas, an gama." Na rantse masa ban san komai ba. Ya ce ya sani. Ya ce, "Amma kai ka kawo shi." Maganar rashin takardata kuma da kowa ke kawar da kai a kanta, yanzu an furta ta a fili, maigidana ya ji tsoro ya sallame ni. Na bi sauran situnansu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya girgiza kai tun ban buɗe baki ba. Haɗin kan nan da nake yabawa, shi ya rufe mini kowace ƙofa a yini ɗaya.

Har yau ina dako, gwiwoyina sun fara ƙara. Ina jin haushin 'yan Cainan, don sun hukunta ni a kan abin da ban yi ba. Amma ban iya cewa sun yi ƙarya. An gaya mini ka'ida, ni na ɗauka cin kwano ɗaya ya isa shaida. Mu muna ba juna abinci da wurin kwana, ba na musu. Hanya ce ba ma so a raba.

An daɗe ba mu haɗu da abokin nawa ba, sai wata la'asar ya tare ni a Bab Makka, buhu a kaina. Rumfarsa na nan yadda take, ba ta ƙaru da komai ba. Ya ce, "Haba mutumina, har yanzu fushi? Kasuwa ce fa, kowa haka yake yi. A yafi juna."

Na sauke buhun na dube shi. Na ce, "Me na yi maka da za ka yafe mini? Ka ce ni ɗan dako ne, gaskiya ka faɗa, ga shi kana gani. Amma ɗan dakon nan shi ya ja maka kujera a wurin da bakinka da takardarka ba su taɓa kai ka ba. Da ka tashe ni ka zauna, da na ce wayo ka fi ni. Ba ka zauna ba, ka hana ni, ka hana duk Bahaushen da zai zo bayanmu. In ka mutu zan bi gawarka, don haƙƙin Musulunci ne. Amma muddin muna numfashi, ba zan ƙara kai ka ƙofar kowa ba. Yalla, matsa, kaya na ɗauko."